Yadda ake zuwa Mambila da mota daga Zariya ba tare da an ƙona birki ba

Tunda na ɗora hotunan Gembu, garin da ke saman tsaunin Mambila, a status mutane suka hana ni sakat, wannan ya ce ina ne nan, wancan ya ce Turai ka je ba ka faɗa mana ba, wani abokina na Tudun Wada ma cewa ya yi wallahi haɗin kwamfuta ne. To ba Turai ba ce, jihar Taraba ce, kuma da 'yar motata na je daga nan Zariya har sau biyu, na farko na sha wuya saboda taurin kai, na biyun ne na ji daɗin tafiyar. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda ake yi tun daga shiri har saukowa, wanda zai je ya huta da kirana cikin dare.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun yanzu, tafiyar nan ba ta mai sauri ba ce. Zuwa kaɗai ya haura kilomita 1,000, in ba ka da aƙalla kwana 10 a hannu to ka haƙura sai ka samu, don duk wanda na sani da ya dawo yana zagin hanyar Mambila in ka bincika za ka tarar so ya yi ya haɗa tafiyar kwana 4 a kwana 2.

Fara da zaɓen lokaci

Mutane da yawa suna jiran hutun ƙarshen shekara, ni kuma ina ganin Nuwamba ta fi, musamman farkonta. Dalili, damina a saman Mambila doguwa ce, tana farawa tun wajen Maris ko Afrilu ba ta ɗaukewa sai wajen Oktoba, to a Nuwamba ruwa ya ɗauke amma ciyawa na nan koriya shar, tafkuna a cike, sama garau. In ka bari sai Janairu hazo ya sauko, an fara ƙona ciyawa, dutsen da ka taso tun daga Zariya don ka gani sai ka gan shi dishi-dishi kamar ta cikin labule. Tsakiyar damina kuwa kyau kam akwai shi, amma lokacin ne ruwa ke cinye gada, ƙasa ta zaftaro kan titi, ga santsi. Ban ba ka shawara ba sai in ka saba.

Sai mota

Nan ne zan daɗe, don nan ne rai yake. Sati guda kafin tafiya ka kai ta wurin bakanikenka, ba ana gobe tafiya ba, saboda in an canza wani abu kana bukatar kwana biyu kana yawo da ita cikin gari, Samaru zuwa Kwangila zuwa Kofar Doka, ka ji ko akwai abin da ke ƙara. Ka ce masa dutse za ka hau, ya cire tayoyin nan huɗu ya duba birki da idonsa kai ma kana tsaye, in takalmin birkin ya ci rabi a canza kawai kar ka tsaya lissafi. Man birki in ya daɗe a zubar a zuba sabo, don tsohon man birki yana shan danshi, in ya yi zafi sai ya tafasa, ka taka ka ji ƙafarka ta tafi har ƙasa. A duba lagireto da fankarsa da fanbel, a duba kuloci in manuwal ce, a yi juyen baƙin mai. Taya kuma kar ka yaudari kanka da wadda ta suɗe wai ai tana kai ni Kaduna, safaya ma ta zama lafiyayya da iska a ciki, jak da abin kwance taya ka gwada su a gida.

Ba dole sai babbar mota ba, ƙananan motocin haya suna hawa kullum cike da mutane da kaya. Amma motar da cikinta ya yi ƙasa sosai za ta sha duka a ramuka.

A but ka saka galan biyu na ruwa don lagireto, litar baƙin mai, ƙaramin man birki, fanbel na ajiya, tocila, igiyar jan mota, da ɗan katako na waigi. Takardun mota su cika, lasin, inshora, abin kashe gobara, da katinka na ɗan ƙasa, don can kusa da iyakar Kamaru ne, shingayen jami'an tsaro ba sa ƙirguwa kuma da sun ga lambar Kaduna za su tambaye ka ina zuwa. Ka sauke gilas, ka yi sallama, ka amsa a taƙaice, shi ke nan.

Lissafin mai kuwa mai sauƙi ne, in motarka tana cin lita 1 a kilomita 10 to zuwa kaɗai ka haura lita 100, ka ƙara wani abu a kai saboda hawa yana shan mai. Ka riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado ka rarraba su, don akwai inda netwok zai ɗauke ɗif, ba tiransifa ba POS. Kayan sawa, suwaita mai kauri, safa, hular sanyi, bargo ko da masaukin ya ce yana da shi. Guzuri irin wanda ba ya lalacewa, kilishi, dambun nama, soyayyar gyaɗa, dabino, da lemon tsami ko citta saboda masu amai a kwana-kwana. Kuma kar ka tafi kai kaɗai, ka samu wanda ya iya tuƙi ku riƙa karɓar juna.

Ana gobe tafiya ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da ke bin hanyar Jos ya hanya take a satin nan, su ne ke da labarin da ba a sa wa a rediyo. Haka za ka riƙa yi a kowane gari kafin ka kama hanya ta gaba. Dokar da ba a karyawa ita ce, la'asar sakaliya ta same ka a garin da za ka kwana. Ba tuƙin dare, ko da saura kilomita 50 ne.

Rana ta farko, Zariya zuwa Jos

Ka yi asuba, ka karya, gari na wayewa ka kama titin Jos ta Dakace. Ruwan farko da za ka gani namu ne na gida, kogin Galma, daga nan Soba, Pambeguwa, Saminaka garin masara, sai Jingir inda ka shiga Filato. Wajen kilomita 240 ne gaba ɗaya, in hanya ta yi kyau kafin azahar ka shiga ta Farar Gada. Daga Saminaka za ka fara ganin duwatsu suna tasowa, mu da Kufena ce dutsenmu sai mu riƙa ganin abin kamar wasa, alhali somin taɓi ne.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa iskar ta bambanta. Ka yi amfani da yammacin ka ga ruwa. Akwai madatsar Lamingo a gindin duwatsun Shere, da yamma in rana ta yi sanyi inuwar dutsen tana kwanciya a kan ruwan, wurin hoto ne sosai. Sannan akwai tafkunan kuza ta wajen Rayfield da Bukur, waɗannan ramuka ne da kamfanonin Turawa suka haƙa suna ɗibar kuza tun zamanin mulkin mallaka, suka tafi suka bar su ruwa ya cika. Kallo kawai, dan Allah kar wani ya ce zai shiga wanka, bakinsu a tsaye yake kamar rijiya kuma suna da zurfin gaske, ka riƙe hannun yara. In da sauran lokaci gidan tarihi na Jos na nan tun 1952. Ka kwana unguwar da ka san mutane ko wadda wani ɗan gari ya nuna maka, ka shige ɗaki da wuri.

Rana ta biyu da ta uku

Waɗannan ranakun cin hanya ne. Jos zuwa Bauchi wajen kilomita 130, ta Tilden Fulani da Toro, gangara ce mai daɗi. Bauchi zuwa Gombe kuma ɗari da hamsin da 'yan kai, za ka haye kogin Gongola a Dindima, a nan kusa hanyar Yankari ta ɓalle, amma ka daure ka wuce, wannan tafiya ce ta daban. Ka kwana Gombe. In ka isa da wuri ka ɗan fita ta hanyar Biu ka ga madatsar Dadin Kowa, ruwa ne iya ganinka, ga masunta ga soyayyen kifi.

Washegari Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, sai Numan inda Gongola ke haɗuwa da Binuwai, ka haye gada ka nufi Jalingo. Gargaɗi ɗaya a yankin Kaltungo, in fitsari ya kama ka kar ka kutsa cikin ciyawa da silifa, ƙasar kububuwa ce, har asibiti na musamman suke da shi na masu saran maciji. Zafin kwarin Binuwai kuma ba wasa, ka sha ruwa, kar ka ga suwaita a but ka yi dariya, za ta yi ranarta. A Jalingo ka cika tanki fal, ka ciri kuɗi, ka sake duba iskar taya wurin mai faci.

Rana ta huɗu, Jalingo zuwa Serti

Ta Garba Chede zuwa Bali, daga Bali zuwa Serti. Daga nan daji ya fara canza kama, bishiyoyi suna ƙara tsayi da duhu, rafuka suna tsallake hanya, sunayen garuruwa suna komawa Mayo kaza Mayo kaza, mayo kuwa kogi ne da Fillanci. Motocin haya suna wucewa Gembu a ranar, kuma za a ce maka ai ka ƙarasa kawai. Kar ka ƙarasa. Karon farko haka na yi, na iso gindin dutse da yamma a gajiye, hazo ya rufe hanya, na hau ina salati ban ga komai ba sai bayan wata babbar mota. Ka kwana Serti.

A Serti ne ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, an mai da shi gandun ƙasa a 1991. A cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu wanda ya kai shi tsayi a ƙasar nan, sai dai hawansa aikin kwanaki ne a ƙafa, ba na wannan zuwan ba. In kana son shiga dajin ka ware kwana guda, ka je ofis ka yi rajista a haɗa ka da ma'aikacin da zai raka ka, kuma hanyar ciki sai mota mai ƙarfi. Ka sa riga mai dogon hannu mai haske, ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi, cizonsa kuwa kamar an soka maka allura.

Hawan kansa

Da safe bayan rana ta ɗan ɗaga ka tashi zuwa Mayo Selbe, nan ne gindin dutse. Ka tsaya, ka sha shayi, ka bar injin ya huce, ka duba ruwa da baƙin mai. Wani dattijon direba da na tarar yana wanke fuska a nan ya dubi lambar motata ya ce "Ɗana daga ina?" Na ce Zariya Baba. Ya ce "To ka ji, dutsen nan ba a yi masa gardama, giya biyu ka sa ka ƙyale ta ta yi kukanta." Iyakar karatun ke nan.

Ka kashe AC. In manuwal ce giya ta biyu, inda ya miƙe sosai ta ɗaya, kuma ka canza tun kafin motar ta fara shiɗewa, ba sai tana kakkarwa a tsakiyar kwana ba. In otomatik ce ka sauke ta zuwa 2 ko L. Ido ɗaya a titi ido ɗaya a kan allurar zafi, in ka ga tana haurawa ka nemi wuri mai faɗi ka tsaya, ka ja birkin hannu, na kusa da kai ya sauka ya sa waigi, a buɗe bonet. Kar ka kuskura ka buɗe murfin lagireto da zafinsa, ruwan zai yi tsalle ya sale maka fuska. Kowace kwanar da ba ka ganin gabanta ka danna hon, ka tsaya a hannunka, kar ka ce za ka wuce babbar mota sai direban ya miƙo hannu ya ba ka hanya, kuma kar ka manne mata a baya don tana iya zamowa.

Akwai wurin da ake kira Hawa Biyu da Sisi, an ce wai ladan da ake biyan masu dako ke nan a da su hau da kaya a ka, sule biyu da sisi. In ka ga tsayin wurin za ka ce an cuce su. Kunnenka zai toshe, ka haɗiyi yawu ko ka tauna cingam. A ɗaya gefen rami ne, can ƙasa daji baƙi ƙirin, gajimare yana yawo a ƙarƙashinka ba a samanka ba, ƙanina da ke gefe sai da ya daina ɗaukar bidiyo ya koma hailala. Direba kam ba naka ba ne kallo, in kana so ka gani ka tsaya inda ya dace.

Sai kawai ka ga dajin ya ƙare, ƙasa ta buɗe, tuddai korra suna bin juna kamar an shimfiɗa darduma, ga jajayen shanu masu dogon ƙaho, ga layin dogayen itatuwan zaiti, iska mai sanyi ta shigo ta taga. Ka iso ke nan, kana kan tudun da tsayinsa ya kai wajen mita 1,600. Ciro suwaitar nan.

A sama

Maisamari ne garin farko, sai Nguroje, sai Gembu hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna. Sunan ba a banza ba, yankin nan a da yana cikin Kamaru ta Arewa da Ingila ke riƙo, sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1961 suka zaɓi zama a Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna. Hausa tana yi maka aiki ko'ina, amma Fillanci ne harshen kasuwa, ka koyi ko da jam na (gaisuwa) da useko (na gode), za ka ga fuska ta saki.

Wurare uku nake cewa kar a bari. Na farko gonar shayi ta Kakara, inda ake yin Highland Tea, ka je da safe lokacin masu tsinkar ganye suna cikin gona da kwanduna a baya, ka nemi izini a bakin get kafin ka fara hoto, mutane kuma ka tambaye su kafin ka ɗauke su. Na biyu madatsar Tunga da ke kusa da nan, wadda ake samar da lantarki da ruwanta, tafki ne kwance tsakanin tuddai, shiru, ba abin da kake ji sai tsuntsaye, mun shimfiɗa tabarma a bakinsa muka ci burodi da fiya, fiyar da a Sabon Gari sai ka yi ciniki a nan tuli ake zubawa. Na uku dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, kurmi ne na kan dutse wanda irinsa ya yi ƙaranci a ƙasar nan, har masu bincike daga wata jami'a ta ƙasar Niyu Zilan suna aiki a wurin. Ka nemi ɗan rakiya, ka sa takalmi sau ciki mai riƙe ƙasa, ciki duhu ne da danshi, gansakuka a jikin kowane icce. Akwai birai kala-kala, har da manyan nan masu kama da mutum, amma kar ka sa rai da ganin waɗannan, mu dai kuka muka ji daga nesa ɗan rakiyar ya ce su ne.

Hanyoyin ƙauyuka jar ƙasa ce, in ka ga abin ya fi ƙarfin motarka ka ajiye ta ka hau acaɓa, yaran nan sun san kowane rami. Mai ya fi tsada a sama, kuma in za ka saya wurin 'yan bumburutu ka sa a tace. Alwalar asuba kuwa, ka roƙi mai masauki ruwan zafi tun dare a filas.

Saukowa

Wannan ya fi hawa haɗari, kuma nan na kusa barin duniya. Karon farko na biyo gangara a giya ta huɗu ina ta danna birki, ina jin daɗi mota na tafiya ba ta shan mai. Can sai wani wari kamar ana ƙona roba, na taka birki na ji ya yi laushi kamar soso. Allah Ya sa akwai ɗan fili a gaba, na yi ta famfa ina sauke giya har ta tsaya, muka fito tayoyin gaba suna hayaƙi, ƙafata tana rawa na kasa tsayuwa. Ƙanina ya ɗauko galan zai watsa ruwa, wani mai lodin ayaba da ya tsaya ya daka masa tsawa, "Kai yaro kar ka zuba! Ƙarfen zai lanƙwashe." Muka zauna bakin hanya kusan awa guda har ya huce don kansa.

To ga yadda ake yi. Giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Tun daga saman ka sa ta biyu, injin ne zai riƙe motar, zai yi ƙara, ƙyale shi. Birki kuma taka ka saki ne, ka taka da ɗan ƙarfi gudu ya ragu sai ka ɗaga ƙafa ya sha iska, ba ka ɗora ƙafa a kai tun daga sama har ƙasa ba. Ka rage gudu kafin kwana, ba a cikinta ba. Kar ka sa mota a furi, kar ka kashe inji wai tattalin mai, in inji ya mutu birki da sitiyari duk tauri suke yi. Mai hawowa shi ke da hanya, ka raɓe masa. In ka ji wari ko alamar laushi, tsaya nan take inda ya samu, waigi, jira. Ko ba ka ji komai ba ka tsaya sau ɗaya a tsakiya, ka kara hannu kusa da taya ba tare da ka taɓa ba, zafin zai faɗa maka gaskiya.

Ka baro Gembu da sassafe yadda za ka sauko da rana tsaka hazo ya washe. Tsarabar shayi da fiya da ayaba ka saye su tun ana gobe tafiya, fiyar ka zaɓi ɗanya mai tauri, don kwana uku ko huɗu ne a gabanka kafin Zariya kuma zafin Numan zai nunar da ita a but. A Mayo Selbe ka sake tsayawa, ka cire suwaita, ka leƙa man birki kafin ka kama hanyar Serti.